Mai Tsayuwa a Bayan Injiniya

Jifan farko ya sauka ne ana kiran sallar magariba, kuma Injiniya ba ta ji shi ba, domin ta toshe kunnuwanta da abin sauraro tana fama da kwamfuta a cikin sito. Inna, mahaifiyarta, ita ta ji. Tana zaune a tsakar gida da buta a hannu dutsen ya daki kwanon rufi, ya gangaro a hankali kamar ba ya son saukowa, ya faɗi gefen tankin ruwa. Ta ɗaga kai ta yi tsaki, ta ce yaran yanzu ba su da ta ido. Sai dai bayan gidan babu yara, babu ma hanya, doguwar katangar wata ma'aikata ce da aka daɗe da rufewa. Da ta sunkuya ta taɓa dutsen ta ji shi da ɗumi, alhali rana ta daɗe da barin wajen. Ta yi alwalarta ta shige ɗaki.

Mutanen gidan ba su da yawa. Maigidan, mijin Injiniya, ma'aikacin layin wutar lantarki ne, aiki ya kai shi nesa, sai dai a gaisa ta waya. Babban ɗansu yana jami'a. Saura mata uku: Inna, da Injiniya, da 'yar Injiniya, Auta, wadda ba ta daɗe da shiga sakandare ba, kuma bakinta ba ya hutawa sai in barci ya sace ta. Inna ke kiranta rediyo mai jini, tana cewa da za a nuna mata inda ake murɗawa a rage muryar da ta gode wa Allah. Ita kuwa Injiniya ba gada take ginawa ba, ko sufana ba ta taɓa riƙewa ba. Manhaja take rubuta wa wani kamfani daga gida, 'yan unguwa suka rasa sunan da za su ba wannan aiki, suka laƙaba mata Injiniya, sunan kuma ya bi ta.

Wanda bai san sana'ar ba yana zaton mai rubuta manhaja shi ke ƙera komai da hannunsa. Ina! Sana'ar aro ce. Akwai guntayen aikin wasu mutane da aka jibge a intanet, ana ce musu laburare: wannan ya iya lissafin kwanan wata, wancan ya iya aika saƙo zuwa waya, wani kuma aikinsa adana bayanai. Kai dai ka aro, ka harhaɗa, ka ɗora naka a sama. Kowane laburare kuma shi ma aro ya yi daga wani, wanin ma daga wani, har ka rasa wa ke riƙe da wa. Muddin ba a taɓa su ba, zaman lafiya suke yi. To, Manajan kamfanin ya ce a taɓa su. Wai tsofaffin suna da ɓaraka da ɓarayin intanet za su iya bi, don haka a sabunta duka.

Ta sabunta, kuma tun daga ranar ba ta sake barci mai daɗi ba. Laburaren kwanan wata ya ce shi sabon zubin wani ƙaramin laburare yake so, na aika saƙo ya ce shi sai tsohon, ga shi ɗaya kawai ake iya sakawa. Da ƙyar da jiɓin goshi ta lallashe su suka zauna tare, sai wata sabuwa ta ɓullo. Manhajar ita ke tsara wa marasa lafiya ranar ganin likita a wasu asibitoci, sai ga ta tana tura wa mutane saƙo da ranar da ba ita ba. Ba kowa ba, ba kullum ba, jefi-jefi. Tsohuwa ta yi sammako, ta hau mota ta sauka ta hau wata, ta isa asibiti a ce mata ai jiya ne. Abin da ya fi cin rai kuma, matsalar ba ta zuwa in an kira ta. Injiniya za ta gwada a kwamfutarta komai ya wuce lafiya lau, ta miƙe ta haɗa shayi, kafin ta dawo Manaja ya kira da sabon ƙorafi.

Don ta samu shiru ne ta kwashe teburinta daga falo ta kai sito, ɗan ƙurmusasshen ɗakin nan na ƙarshen gida mai taga ɗaya, inda tsofaffin akwatuna da mataccen keken ɗinki suke. Ta ture su gefe, ta ja waya, ta ɗaura ƙwan fitila mai hasken tsiya. Ɗakin da tun da suka tare a gidan ba a taɓa kunna wuta a cikinsa ba, ya koma ba a kashe ta.

Jifa ya zama na kowace magariba. Da zarar ladan ya ɗaga murya, haske ya fara janye jiki daga tsakar gida, sai a ji kwas a kan rufi, a yi shiru, a sake ji. Maƙwabcinsu ya kawo tsani ya hau katanga ya haska bayan gidan, bai ga komai ba sai ciyawa da tsatsar ƙarfe, ya sauko yana kaɗe hannu yana cewa Allah ya sawwaƙe. Daga nan abin ya shigo ciki. Inna ta rantse ta ji ana buga rubutu a sito, ƙas-ƙas-ƙas, a daidai lokacin da take kallon 'yarta a kan sallaya. Auta ta ce ita kuma ajiyar zuciya take ji daga can, irin ta Umma sak, amma mai tsawo, wadda ba ta ƙarewa.

Injiniya ta saurare su da idanu jajur, ta ce ɓera ne, ta ce kwanon rufi ne ke saki in ya huce. Ba taurin kai ba ne. Gajiya ce ta cika mata jiki har tsoro ya rasa wurin zama. Ita ma tana jin wani sanyi-sanyi a ƙeyarta in ta daɗe a zaune, kuma in allon kwamfutar ya yi duhu takan ga kamar inuwarta a cikinsa ta fi ta faɗin kafaɗa. Sai ta murje ido, ta taɓa madanni allon ya dawo, ta ci gaba da bin layukan rubutu.

Ranar da abin ya kai ga Auta, yini ne kamar kowane. Yarinyar ta dawo daga makaranta da labarai cike da baki, ta sauke wa Inna na malamar lissafi da na ƙawarta da aka kama da madubi a aji, ta leƙa sito ta ce, "Umma." Injiniya ta ɗaga mata hannu ba tare da ta waiwaya ba, alamar tana zuwa. Magariba na kawo jiki aka ɗauke wuta. Injiniya ta laluba ta fito neman fitila, ta daɗe tana birkita durowar kicin kafin ta samu mai batir. Gidan ya yi tsit. Sai a lokacin ta lura yau ba a yi jifa ba, kuma ba ta jin muryar Auta ko'ina.

A sito ta same ta, zaune a kan kujerar aikin, cikin duhu. Bayanta a miƙe sambal, idanunta a kan allon da ke kashe, yatsunta na tafiya a kan gwiwoyinta kamar mai buga rubutu. Ta kira ta, ba ta waiwayo ba. Ta dafa kafaɗarta ta ji ta da tauri. Sai yarinyar ta buɗe baki, wata murya ta fito mai kauri, ta tsohon namiji da ya daɗe bai yi magana ba, tana karanto jan rubutun nan da kwamfuta ke fitarwa in gwaji ya faɗi, layi bayan layi, da sunayen laburaren da lambobin zubinsu, babu tuntuɓe. Auta fa, wadda ko sunan kamfanin da uwarta ke wa aiki ba ta riƙe ba.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Inna daga bakin ƙofa. "Fito da ita daga ɗakin nan."

Su biyu suka kinkimo ta, da nauyin da ba nata ba. Sai wajen isha'i jikin ya saki, ta yi barci da gumi sharkaf. Da safe ta farka, ta san kowa, ta sha shayi, amma rediyon ya mutu. In an yi mata magana ta gyaɗa kai ko ta girgiza. Suka kai ta asibiti, likita ya duba ido, ya duba jini, ya ce bai ga komai ba, ya rubuta maganin barci. Da magariba ta yi, abin ya dawo, ya zaunar da ita a tsakiyar gado yana karatunsa na jan rubutu. Maigidan ya kira hankali a tashe, ya ce yana neman izinin tahowa, kafin nan a nemo malami. Injiniya ta ce to.

A nan ne ta yi abin da sai mai irin sana'arta zai yi. A wajen aikinsu, in abu ya lalace bayan an yi canje-canje da yawa, ba a tsayawa kuka. Ana mayar da rabin canje-canjen yadda suke a da, a gwada. In matsalar ta tafi, to tana cikin wannan rabin; in tana nan, tana cikin ɗayan. A sake rabawa, a sake gwadawa, har a ritsa mai laifi a lungu. Sai ta zauna ta tuno duk abin da ya canza a gidan a 'yan kwanakin nan: an sauya labulen falo, an matsar da tankin ruwa, an kawo sabon madubi ɗakin Auta, an rage reshen bishiyar da ya leƙo ta katanga, an kai tebur sito. Ta rataya tsohon labule, ta sa aka mayar da tanki mazauninsa, ta zauna jiran magariba tana kallon 'yarta. Abin ya zo. Washegari ta fitar da madubi, ta sake zaman jira. Abin ya zo. Teburin ta bari a ƙarshen layi, domin Manaja na kira safe da yamma, kuma a ganinta in ta bar sito ba ta da inda za ta iya tunani.

Inna ta zuba mata ido har ta gaji da zubawa.

"Ke, wai yarinyar nan ce kwamfutar taki? Kullum ki canza abu, ki zauna ki ga ko za ta faɗi?"

"Inna, in ban san abin da ya kawo shi ba, ko an kore shi zai dawo."

"Gida na cin wuta kina neman wanda ya ƙyasta ashana. Dubi wuyanta fa. Dubi yadda ta koma."

Injiniya ta duba. Ƙashin wuyan yarinyar ya fito, leɓenta ya bushe, ƙasan idonta ya yi baƙi. Tausayi ya kama ta, amma bakinta abin da ya saba shi ya faɗa: saura gwaji ɗaya. Inna ta miƙe. Ta yafa mayafinta ta fita, da ƙafafunta masu ciwo, ta je ta nemo Malam da kanta.

Malam tsohon malamin makaranta ne da ya yi ritaya, siriri, mai farin gemu da ciwon gwiwa, wanda aka sani da karatu da rashin ɗaga murya. Ya iso bayan an idar da sallar magariba, a daidai lokacin da duhu ya gama cinye tsakar gidan. Yana sallama wani dutse ya faɗo dab da takalminsa, irin jifan da aka kwana biyu ba a yi ba. Ya tsaya ya dube shi, ya ce, "To, mun ji," ya tsallake. Ya nemi kujera, don gwiwarsa ba ta yarda da zaman ƙasa, ya nemi ruwa a kofi. Aka kwantar da Auta a kan tabarma a falo, aka lulluɓe ta, Inna ta riƙe kanta, Injiniya ta durƙusa wajen ƙafafunta.

Ya fara karatu a hankali, ba gaggawa, kamar mai yi wa kansa tilawa. An daɗe ba abin da ya motsa sai labule. Can yatsun yarinyar suka fara tafiya a kan cinyarta. Numfashinta ya yi nauyi, bayanta ya banƙare, ta buɗe idanu, amma wanda ke kallo daga cikinsu ba Auta ba ne.

"Ya isa haka, dattijo," in ji muryar. "Kana ƙona ni."

"Wane ne kai?"

"Maƙwabci."

"Maƙwabci da sallama yake shiga gida."

"Ni aka shigo wa." Muryar ta ja numfashi mai tsawo. Babu fushi a cikinta, gajiya ce zalla. "Ina wurin nan tun kafin a aza tubalin farko. Ba na son komai sai duhu da shiru. Suka zo suka zuba akwatuna, ban ce uffan ba, akwati ba ya damun kowa. Sai wannan ta shigo da fitila da ajiyar zuciya. Malam, ka taɓa zama kusa da mai ajiyar zuciya dare da rana? Na gaji."

"Shi ne ka kama yarinyar da ba ta ji ba ba ta gani ba?"

"Na yi jifa, ta toshe kunne. Na buga mata madannai, ta ce ɓera ne. Baki na ara. Ita ma ai da kayan aro take aiki."

"Aro da izini ake yin sa, kai ƙwace ka yi," in ji Malam. "Zalunci haramun ne a kanku kamar yadda yake a kanmu. Ka ji tsoron Allah ka fita."

Kan yarinyar ya juya a hankali a cikin hannuwan Inna, har idanun suka tsaya a kan Injiniya. Wannan kallon ta san shi, shi ne sanyin da take ji a ƙeyarta.

"Ke mai fitila. Na tsaya a bayanki ina kallo, tun ba na ganewa har na gane. Laburare biyun nan da kike zargi ba su da laifi. Akwai na uku a ƙarƙashinsu, ba ke kika kawo shi ba, wani ne ya jawo shi ya shigo. Idonki ya sha wucewa ta kansa."

Injiniya ta gane abin da yake nufi. Tunanin nan ya taɓa gilma mata wata rana da asuba, ya ɓace kafin ta kama shi. Laburaren da ke ƙasa sun fi a ƙirga da ido, tana iya shafe makonni tana tono ba ta dace da shi ba.

"Ki bar mini ita zuwa gobe war haka," muryar ta ci gaba, ta yi laushi kamar ta mai ba da shawara. "In zaunar da ita a gaban na'urar, in nuna miki shi da yatsanta. Ki gama aikinki, ki kashe fitilarki, in fita da ƙafata. Ki huta, in huta, masu zuwa asibiti su huta."

Malam ya girgiza kai. "Ga uwarta nan, ta ba ka amsa da bakinta," ya ce, yana miƙa hannu ga kofin ruwa, don a zatonsa amsar za ta riga hannunsa isa.

Amsar ba ta zo ba.

Kada wani ya ce Injiniya ba ta son 'yarta. Da wuƙa aka nuna wa yarinyar da ta tare da ƙirjinta ba tare da tunani ba. Amma ba wuƙa aka nuna ba, hutu aka nuna mata, ita kuma ta manta kamanninsa. Kanta, wanda ya saba auna komai, ya kama aunawa da kansa ba tare da ta sa shi ba. Kwana ɗaya ne. Yarinyar ta riga ta ɗauki waɗanda suka fi haka. Ga tsofaffin da ake mayarwa gida daga bakin asibiti, ga Manaja da ya fara cewa ko a ba wani aikin, ga barci, barci na gaske, wanda mutum zai kwanta babu jan rubutu a bayan idonsa. Falon ya yi shiru har ana jin ɗigar famfon kicin. Malam ya tsaya da kofi a hannu bai kai baki ba. Inna ta ɗago kai ta dubi 'yarta, kallon da ba ta taɓa yi mata ba tun da ta haife ta.

Ƙafar Auta na cikin tafin hannun Injiniya, sanyi ƙalau, ƙarama. Sai ta ji babban yatsan ya ɗan motsa ya danni hannunta. Kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa.

"A'a," ta ce, muryarta a dushe. Ta sake cewa da ƙarfi, "A'a. Fita daga jikin 'yata."

Muryar ta yi 'yar dariya, gajera, marar daɗi. "To. Ni dai na tambaya."

Malam ya ajiye kofin bai sha ba, ya koma karatu, wannan karon da nauyi. Yarinyar ta yi ta juyi, gumi na tsatstsafo mata, duwatsu na sauka a kan rufi kamar ƙanƙara, Inna na kuka tana salati. Aka daɗe ana wannan dambe, har muryar Malam ta fara dushewa, kafin abin ya ce, "Tsaya. Zan fita. Amma ɗakina fa?"

"Ɗaki na masu gida ne," in ji Malam. "Sai dai maƙwabtaka na da hakki, ko da wanda ba a gani ne." Ya dubi Injiniya.

"Yanzun nan zan fitar da teburin," ta ce. "In cire ƙwan fitilar ma."

"Ka ji. Kai kuma ka rantse da wanda ya halicce ka ba za ka sake taɓa yarinyar nan ba, ko wani na gidan nan, da jifa ko da murya."

Abin ya yi ta kwana-kwana kamar yadda irinsu suka saba, Malam ya sake buɗe baki zai karanta, sai ya rantse. Malam ya ce ya fita ta ɗan yatsan ƙafar hagu. Ƙafar ta yi rawa a hannun Injiniya, ta miƙe, ta saki. Auta ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sake yi, ta buɗe ido ta ce da ƙaramar muryarta tana jin ƙishirwa. Malam ya tofa addu'a a ruwan ya ba ta. Da ya miƙe zai tafi, yana dafa gwiwa, Injiniya ta bi shi zaure tana godiya. Bai yi mata faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "'Yata, ki riƙa yin barci."

A daren suka fitar da teburin, ita da Inna, suna tutturawa. Ta hau kujera ta kwance ƙwan fitilar, ta ja ƙofar siton ta rufe. Jifa bai sake sauka ba.

Kuskuren kuwa ta gano shi bayan wasu kwanaki, da hantsi, a falo, maigidan da ya dawo yana ta fama da rediyonsa a gefe. Wani ɗan ƙaramin laburare ne can ƙasa, wanda ko sunansa ba ta taɓa lura da shi ba, sabon zubinsa ya sauya inda yake ƙirga farkon rana, don haka duk wanda aka rubuta wa layin ganin likita dab da ƙarshen yini sai ya tsallaka wata rana. Gyaran bai kai tsawon tafin hannu ba. Ta aika, Manaja ya ce madalla, ya turo mata wani aikin. Ta zauna tana jiran farin ciki ya zo, bai zo ba.

Auta ta murmure. Kumatunta suka dawo, ta koma makaranta, rediyon ya sake kamawa. Tana zuba wa Inna labari har tsohuwar ta toshe kunne tana cewa ita da ta sani da ta roƙi Malam ya bar mata rabin shirun. Tana bin babanta har bakin ƙofa da surutu. Amma in uwarta ta shigo, sai maganar ta taƙaice, ta koma "to, Umma" da "a'a, Umma". Ba rashin kunya, ba fushi, ladabi ne ma har ya yi yawa. Injiniya ta sayo mata takalmi, ta rufe kwamfuta tun la'asar, ta zauna kusa da ita tana tambayar labarin malamar lissafi. Yarinyar ta ce lafiyarta ƙalau.

Wata ranar hutu da yamma ta zaunar da ita a tsakar gida tana tsefe mata kai. Rana ta yi sanyi, Inna na gyangyaɗi a kan kujera. Injiniya ta daɗe tana juya maganar a bakinta kafin ta sake ta.

"Auta, kina tuna wani abu na kwanakin nan da ba ki da lafiya?"

"Ina tunawa."

"Me kike tunawa?"

"Duka. Ina ciki ai, Umma. Kamar an kulle ni a ɗaki ina leƙe ta taga. Ina jin kowa, ni ce dai ba a ji."

Hannun Injiniya ya tsaya a cikin gashin.

"Da ya ce ki bar masa ni zuwa gobe," yarinyar ta ci gaba, idonta a kan yatsun ƙafarta, "na yi ta kiran ki. Na tattara duk ƙarfina na taɓa hannunki."

Bayanai suka taso wa Injiniya: gajiya, da asibiti, da tsofaffin mata, da Manaja. Ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta ga babu wanda zai iya fita a gaban wannan ƙaramar ƙeya. Abu ɗaya ya rage mata, shi ta kama.

"Ai na ce a'a, Auta. Kin ji na ce a'a."

"Kin ce," in ji yarinyar a hankali. Ta sunkuyar da kai don a ci gaba da tsifar. "Amma sai da na jira."